Faɗakarwa ga Muridai a kan Tawakkali da Ƙyandar Biri

Da sunan Allah na fara. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana cikin ɗariƙa, an tambaye ni game da muridin da ƙyandar biri ta kama: shin ya halarci wazifa yana mai dogara ga Allah, ko kuwa ya zauna a ɗakinsa? Na ce, Allah shi ne mafi sani, ya zauna. Ga hujjata.

Ku sani, wannan cuta 'yar'uwar agana ce. An fara ganinta ga ɗan Adam a ƙasar Kwango a shekarar 1970. Bayan an shelanta ƙarewar agana a duniya a 1980 aka bar lambarta, sai waɗanda aka haifa daga baya suka tashi babu wannan kariya. A 2017 ta sake ɓulla a Najeriya, a jihar Bayelsa. Alamominta zazzaɓi da kaluluwa da ƙuraje masu ruwa. Tana ƙetarawa ta haɗuwar fata da fata, da tufa, da shimfiɗa. Takan ɓuya a jiki har kwana 21 kafin ta bayyana, kuma mai ita bai gushe yana ba waninsa ba har ɓawon ƙurajen ya zube, sabuwar fata ta fito, mako 2 zuwa 4.

To ku dubi halinmu a zawiya. Gwiwa tana gogar gwiwa, tabarma ɗaya, akushi ɗaya, sannan musafaha bayan addu'a. Dukkan abin da yake haɗa mu shi ne hanyarta.

Idan wani ya ce: babu abin da zai same mu sai abin da aka rubuta. Sai in ce: gaskiya ne, kuma kiyayewa ita ma tana cikin abin da aka rubuta. Sayyidina Umaru ya nufi Sham, ya ji annoba ta sauka can, ya juya da jama'arsa, alhali ya fi mu yaƙini. A annobar Amwas, shekara ta 18 bayan hijira, Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal suka yi shahada. Sai Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, Allah ya ɗauke ta. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓɓai ne, babu saɓani a tsakaninsu.

Kuma ka sani, ya kai muridi, kana da ikon yin haƙuri da cutar jikinka, amma ba ka da ikon ɗora ta a kan ɗan'uwanka da ƙananan 'ya'yansa da matarsa mai ciki, waɗanda ta fi tsananta gare su. Wanda ya rufe ƙurajensa da hannun riga ya shiga da'ira, ya binciki zuciyarsa. Sau da yawa abin da ya fito da shi tsoron bakin mutane ne, wannan kuwa reshen riya ne. Ka sanar da muƙaddami, ka nemi likita, ka keɓe tufarka da ƙwaryarka, ka riƙi kwanakin nan halwa. Wuridinka yana isa daga ɗakinka, domin Wanda kake ambato ba ya nesa.

Ku kuma masu lafiya, akwai haƙƙi a kanku. Kada ku ce zunubinsa ne ya jawo masa, domin Annabi Ayuba an jarrabe shi a jikinsa alhali yana zaɓaɓɓe. Zargi shi ke sa majinyaci ɓoyewa, ɓoyewa kuwa ita ke yaɗa cuta. Ku kai masa abinci bakin ƙofa, ku gaishe shi daga nesa, ku ɗauki nauyin iyalinsa har ya warke, ku wanke hannu da sabulu. Idan an kawo lamba, wanda aka kira ya karɓa.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya tsare mu daga cutar jiki da cutar zuciya, ya cika mu da imani. Amin.