Duhu Ba Uzuri Ba Ne Ga Matuƙin Jirgi

Duk sa'ad da jirgin ruwa ya kife da jama'a cikin dare, maganar da aka fi ji a bakin gaɓa ita ce kwana ya ƙare. Haƙiƙa babu rai da zai wuce ajalinsa. To, amma ko imani da ƙaddara yana wanke matuƙin da ya tashi cikin duhu babu fitila?

A watan Yuni na 2023, wani jirgi ɗauke da 'yan biki ya nutse da tsakar dare a Kogin Kwara, yankin Patigi, mutane fiye da 100 suka rasu. A watan Oktoba na 2024 kuma, aka sake yin irin wannan rashi da dare kusa da Gbajibo ta Ƙaramar Hukumar Mokwa, inda jama'a suka nufi taron Mauludi. Saboda irin haka ne Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ta hana zirga-zirgar jirage cikin dare.

Inda kuwa aka yarda a yi tafiyar dare, akwai ƙa'ida. Dokokin hana karon jirage da ƙasashen duniya suka amince da su a 1972 sun wajabta kunna fitilu daga faɗuwar rana zuwa fitowarta: ja a gefen hagu, koriya a gefen dama, fara a baya, jirgi mai inji kuma ya ƙara wata farar a sama. Wanda ya hango ja da koriya tare, ya san jirgi ya nufo shi kai tsaye. Ko kwale-kwalen da ake tuƙawa da hannu, an ce ya riƙe tocila ko fitila mai farin haske, ya nuna ta tun kafin a yi karo.

Abin lura shi ne, waɗannan fitilu ba sa haska wa matuƙi hanya. Amfaninsu a gan shi. Ashe ke nan haƙƙi ne na masuncin da ke jefa taru a gefe, da na fasinjan da ya ba da amanar ransa ya zauna.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan mas'ala ba. Shehu Halilu, malamin Malikiyya na Masar a ƙarni na 14, ya kawo hukuncin jirage biyu da suka yi karo cikin littafinsa Muhtasar. Ya ɗauke lamuni daga matuƙan da abin ya fi ƙarfinsu da gaske, amma bai karɓi duhu a matsayin uzuri ba. Iska mai ƙarfi ba a hannun bawa take ba, alhali kuwa duhu kowa ya san da zuwansa tun la'asar. Sanannen abu ne kuma cewa kisan kuskure ma shari'a ta ɗora masa diyya da kaffara.

Saboda haka tawakkali na gaskiya yana zuwa ne bayan an yi abin da ya wajaba, kamar yadda aka umarci mai raƙumi ya fara ɗaure shi. Mai jirgi ya gyara fitilunsa, ya rage lodi, ya haƙura har gari ya waye in doka ta ce haka. Fasinja shi ma kada ya matsa wa matuƙi don gaggawar komawa gida. Allah Ya tsare bayinSa a ruwa da tudu, amin.