Kitso Ba Ya Ɗauke Wankan Janaba

Iyayenmu mata na Islamiyya ne suka kai wa Liman wannan magana, shi kuma ya ce mu sa ta a takardar wannan Juma'a.

Kitso ya yi tsada a nan Agege, mun sani. Mace ta biya kuɗi a shago, tana so ya kai mata wata guda, sai ta riƙa gudun ruwa. Har wankan janaba ma, wai shafawa kawai take yi a sama. To, wannan wankan bai yi ba, sallar da aka yi da shi kuma tana nan a wuyanta.

Addini bai matsa ba. Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ta tambayi Annabi (SAW) ko sai ta tsefe kitsonta. Ya ce a'a, ta kamfaci ruwa sau uku ta zuba a kanta. Hadisin yana cikin Muslim. Malamanmu na Malikiyya suka ce a matsa kitson, a cuɗa, ruwa ya kai fatar kai. In ya ɗaure tamau, ko an cika shi da zare, sai an tsefe.

Kurmi akwai laima, don haka a bar kai ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali, sannan a bi layin kitson da ɗan man kaɗanya. Maigida kuma, in wanka ya ɓata kitso, kuɗin sabo za ka miƙa, ba tsaki ba.

Mai tambaya ta sami Malama ranar Asabar bayan La'asar. Wassalam.