Addu'a da Allura

Karatu: Ishaya 38:1-8, 21, Markus 1:40-44



Ka karanta nassin yau a hankali, kada ka tsaya a aya ta 8. Sarki Hezekiya yana kwance, annabi Ishaya ya kawo masa saƙon mutuwa. Sarki ya yi kuka gaban Allah, Allah kuwa ya ji, ya ƙara masa shekara 15. A nan yawancinmu muke rufe littafi mu ɗaga murya da Halleluya. To, gangara zuwa aya ta 21. Annabin nan da ya kawo albishirin warkarwa, shi ne ya sa aka nemo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Allah ya riga ya yi magana, duk da haka aka aika neman magani, kuma ba wanda ya ce Ishaya ya kasa cikin bangaskiya.

Ina da dalilin kawo wannan. Akwai wata uwa a cikinmu, a wani ƙauye kusa da Gafasa, mai ciwon sukari, shekara da shekaru tana yi wa kanta allurar insulin safe da yamma. Aka yi taron farkawa, baƙon mai wa'azi ya ɗora mata hannu, ya ce wanda ya gaskata ba ya komawa ga allura. Ta je gida ta jefa kwalbar a masai. Cikin 'yan kwanaki ƙishirwa ta kama ta, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga amai, sai numfashi sama-sama. Muka ce harin magabci ne, muka kwana muna tsawatawa. Na ce "muka" domin ina cikinsu, da takardar shaidar makarantar tauhidi a akwatina. Da asuba jikanta ya ɗauko mota aka kai ta asibiti a Gaya, daga can aka wuce da ita Kano. Ubangiji ya yi mana jinƙai, ta rayu. Har yau in na tuna daren nan kunya nake ji.

Ɗan'uwa, insulin ba ƙirƙirar Bature ba ce. Allah ne ya sa shi a jikinka tun kana ciki. Wata gaɓa ce a bayan tumbi take fitar da shi, aikinsa ya buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. In gaɓar ta gaza, sukari ya taru a jini, yana cin ido da ƙoda da jijiyoyi a ɓoye. Kafin 1921, yaron da wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa. A shekarar ne likita Banting da abokan aikinsa suka samo insulin a birnin Toronto na Kanada, a Janairun 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro, ya farfaɗo. Iyaye nawa suka yi ta kuka gaban Allah kafin ranar? Ni dai amsar addu'a nake gani a cikin wannan 'yar kwalba.

Kada ka ji kamar ina musun warkarwa. Na gaskata Yesu yana warkarwa yau kamar jiya, zan kuma ci gaba da ɗora hannu a kan marasa lafiya. Amma dubi yadda ya yi da kuturun nan cikin Markus: da ya warkar da shi, sai ya tura shi wurin firist, mutumin da aikinsa ne ya duba fata ya tabbatar. In ka ji a ranka an taɓa ka, madalla. Ci gaba da allurarka, je a auna jininka, likita ya rage ko ya tsayar da kansa. Aikin Allah ba ya gudun na'urar gwaji.

Sai maganar azumi, wadda ta fi damuna. In kana allura ko shan ƙwayar rage sukari, sannan ka wuni ba ci, sukarinka na iya faɗuwa ƙasa warwas. Za ka ji rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, yunwa, magana ta fara rikicewa. In kana da na'ura ka ga ƙasa da 70, kada ka jira a rufe addu'a: tauna ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko ka sha rabin kwalbar lemo, bayan haka ka ci abinci. Kullum su kasance a aljihunka ko a haɓar zanenki. Kafin azumin ikilisiya ya zo, ka tambayi likita. In ya hana, ka zo mu zauna, akwai abubuwa da yawa da mutum zai ƙaurace wa domin Ubangiji ban da tuwo. Ku kuma dattawa da masu tsaron ƙofa, ba duk wanda ya faɗi ana tsakiyar sujada ne Ruhu ya kayar ba. In mai sukari ne kuma ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Na san ba mu da firji, zafin bazara kuma yana kashe ƙarfin insulin. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba, wanda ya taɓa zama malami a nan Dutse, ya yaɗa, tana taimakawa. A ajiye ta a inuwa. Kada kuma ka shiga gona ba takalmi. Ciwon yana kashe jin ƙafa, ƙaya ta shige ka ba ka sani ba sai ta ruɓe. Kowane dare ka haska tafin ƙafarka da tocila.

Zumuntar mata, ga roƙona. Ranar biki ko Kirsimeti, idan ana rabon lemo da cincin, 'yan'uwanmu masu sukari sukan zauna hannu wofi, ko su ci don kunya. A ware musu zoɓo marar sukari, da gasasshiyar gyaɗa, dafaffen ƙwai, awara, kwaɗon zogale. Zuma da dabino da rake, su ma sukari ne, kada a ce ai na gargajiya ne.

Addu'a: Ya Uba, ka taɓa jikin bayinka masu ciwon sukari. Ka tanada kuɗin allura ga wanda tasa ta ƙare a wannan mako, ka kuma tsare bakinmu, mu masu wa'azi. Cikin sunan Yesu. Amin.