Rauni Ya Warke, Amma Zuciya Tana Kwance

A wannan wata za mu yi magana a kan wata wahala da ke cikin gidajenmu, wadda ba mu cika ambatonta a masujada ba.

Mun san wani ɗan'uwa, mai ba da waƙa a ekklisiyarsu, wanda ya faɗi daga kan babur, kansa ya bugu da ƙasa. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Jama'a suka yi ta addu'a, Allah kuwa ya tashe shi. Muka yi sujadar godiya, kowa ya koma gida. Bayan wata 3 sai mutumin nan ya shige ɗaki. Abinci sai an matsa masa, barci ya guje shi, abu kaɗan sai kuka ko faɗa. Waɗansu suka ce ya ja da baya cikin bangaskiya, waɗansu suka ce iska ce ta shige shi. Mu ma mun je mun yi masa dogon wa'azi a kan godiya, muka bar shi da nauyi fiye da wanda muka tarar. Abin kunya ne gare mu, amma haka aka yi.

Ku lura, ƙwaƙwalwa gaɓa ce ta jiki kamar ido ko hanta. A cikinta Allah ya sa abin da ke motsa hannu da harshe, a cikinta kuma ya sa abin da ke riƙe da haƙuri da murna da marmarin aiki. In ta ji rauni, ko ta wurin bugun kai, ko shanyewar ɓarin jiki, ko sanƙarau, waɗannan ma sukan taɓu. Likitoci sun ga cikin mutum 3 da suka sami shanyewar ɓarin jiki, wajen 1 yakan faɗa cikin wannan ciwo na baƙin ciki. Ga kuma hasara a kai: manomi ya kasa riƙe fartanya, maigida sai an yi masa wanka. Ina zunubi a nan?

Ku duba 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya bai ji rauni a ka ba, amma zuciyarsa ta karai har ya roƙi mutuwa a gindin wani itace a jeji. Ubangiji bai fara da tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau 2. Daga baya ya yi magana da shi, ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha abokin tafiya.

To, in baƙin cikin nan ya kai mako 2 bai ɗaga ba, a koma wurin likita a faɗa masa kome, ban da ɓoyo. Akwai ƙwayoyin da aka yi domin wannan ciwo. Ba sa aiki dare ɗaya, sukan ɗauki mako 4 zuwa 6, kuma ko an ji sauƙi akan ci gaba da sha wata 6 ko fiye. Kada a daina farat ɗaya. A gaya wa likita in mai ciwon yana farfaɗiya tun bayan raunin, a kuma raba shi da giya da tramadol. Asibitoci irin na Barnawa a Kaduna da na Kware kusa da Sakkwato suna da masu wannan aiki, har da masu zama su yi zance da mutum su koya masa yadda zai bi da tunaninsa. Zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya, a kai shi asibiti a ranar.

Namu aikin kuma yana nan. Ziyara ta zama ta mutum ɗaya ko biyu, gajeriya, amma a kai a kai, gama hayaniyar taro tana gajiyar da ƙwaƙwalwa mai rauni. A fito da shi ya taka zuwa bakin hanya da safe. Zumuntar mata su tuna da matarsa, wadda ita ma ta gaji ba mai tambayarta.

Ɗan'uwan nan namu yana shan maganinsa. Bai koma ba da waƙa ba tukuna, kalmomi suna ɓace masa. Amma dattawa sun sa littattafan waƙoƙi a hannunsa, shi ke rabawa a bakin ƙofa ran Lahadi, shi ke tarawa in an tashi.