KEKEN SHANU KO KAFAƊA?

Sa'ad da Dauda ya kahu bisa sarauta a Urushalima, ya yi niyya mai kyau, watau ya kawo sanduƙin alkawari cikin birninsa. Sanduƙin ya daɗe a gidan Abinadab a Kiriyat-yeyarim. Labarin yana cikin II Samu'ila sura 6. Dauda ya tara zaɓaɓɓun mutane 30,000, aka yi sabon keken shanu, aka ɗora sanduƙin, Uzza da Ahiyo suna korar shanun, jama'a suna kaɗe-kaɗe da murna.

Idan mun duba da idon mai tsara aiki, babu abin zargi a nan. Tafiyar ba ta kai mil 10 ba. Keke ya fi kafaɗa sauri, mutum biyu sun isa, babu wanda zai gaji. An kuma taɓa gwada dabarar, gama Filistiyawa a bisa sabon keke suka mayar da sanduƙin nan, ya kuwa isa Bet-shemesh lafiya. Amma da aka kai masussukar Nakon shanu suka yi tuntuɓe, Uzza ya miƙa hannu ya riƙe sanduƙin, nan take ya mutu. Dauda ya ji tsoro, aka ratse da sanduƙin gidan Obed-edom. Tafiyar yini ɗaya ta zama ta wata 3. Gaskiyar Hausawa da suka ce sauri ya haifi nawa.

To, Allah yana ƙin keke ne? Ko kaɗan. Ku buɗe Littafin Lissafi sura 7. Shugabannin Isra'ila suka kawo kekuna 6 da shanu 12, Ubangiji da kansa ya ce wa Musa ya karɓa. 'Ya'yan Gershon, masu ɗaukar labule da murfin alfarwa, aka ba su keke 2 da shanu 4. 'Ya'yan Merari, masu ɗaukar katakai da ginshiƙai, kayansu ya fi nauyi, aka ba su keke 4 da shanu 8. Wannan rabo ne na hankali, kowa gwargwadon kayansa. Amma 'ya'yan Kohat ba a ba su ko ɗaya ba, domin kayansu masu tsarki ne, a kafaɗa za su ɗauka. Tun ran da aka ƙera sanduƙin aka sa masa zobba 4 na zinariya da sanduna, aka kuma hana a zare sandunan. Ashe sandunan suna nan a jikinsa ranar da aka ɗora shi bisa keke, suna shaida yadda ya kamata a yi.

Abin da ya ɓace wa Dauda ke nan. Ya tambayi yadda kaya za su isa da wuri, bai tambayi ko mene ne manufar aikin ba. Manufar kuwa ita ce Isra'ila su girmama Allahnsu bisa ga umurninsa. Ko da keken ya isa Urushalima kafin azahar, da aikin bai cika ba.

Yanzu mu dubi namu. Akwai ayyukan ekklesiya na 'ya'yan Merari: lissafin baiko, sanarwar taro, jigilar kwano da siminti. A kan waɗannan, mu nemi hanya mafi sauri da araha. Ma'ajin da ya ɓata mako guda a kan lissafin sa'a ɗaya, kada ya ce tsoron Allah ne, sakaci ne. Majalisar dattawa da ta ke cinye yini a kan kuɗin kalanzir, ita ma keke ta ke bukata.

Amma akwai kayan Kohat. Fasto yana iya aika saƙon ta'aziyya ta waya ga gida 20 kafin tuwo ya huce. Gwauruwar da ta binne mijinta jiya, ta sami wanda ya zauna bisa tabarmarta? Ana iya taƙaita ajin baftisma domin a sami mutane da yawa a bakin rafi ranar Ista, rahoton gunduma ya yi kyau. Bayan shekara 2, nawa ne a cikinsu za su iya faɗin abin da suka gaskata idan dangi suka matsa musu? Ni dai a ganina, mutum 8 da aka koyar sosai sun fi 80 da aka tsoma da gaggawa. Haka kuma sulhu tsakanin miji da mata, ba a gama shi cikin minti 10 bayan sujada don kawai a share shi daga takardar majalisa.

Bayan wata 3 Dauda ya koma. A I Labarbaru sura 15 ya kira firistoci da Lawiyawa, ya sa suka tsarkake kansu, ya gaya musu a fili cewa rashin bin ƙa'ida ne ya jawo abin da ya faru da fari. Suka ɗauki sanduƙin da sandunansa bisa kafaɗunsu. Da suka yi taki 6 aka miƙa hadaya. Tafiyar ta ci mutane da dabbobi da lokaci fiye da ta farko, a ranar nan kuwa sanduƙin ya shiga alfarwar da Dauda ya kafa masa.