Zakin Peugeot: Na Wane Ne Idan Bashi Ya Ci Kamfani?

Dattawan Abakpa ba su manta da mota 504 mai tambarin zaki ba, ta kamfanin PAN, wanda ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin 1975. Da bashi ya yi masa katutu, sai hukumar AMCON ta karɓe shi cikin 2012. To, shin zakin nan yana cikin abin da masu bin bashi za su raba?

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta tabbatar cewa tambarin ciniki dukiya ce, ana sayar da ita, ƙwace ta kuwa haramun ne. Amma a babin taflisi, abin da mai karayar arziki ya mallaka kaɗai ake sayarwa. Aro da ajiya sai a mayar wa masu su. Zakin kuwa na Peugeot ta Faransa ne, izini kawai aka bai wa PAN. Don haka ne cikin 2022 aka gan shi a goshin motocin kamfanin Dangote Peugeot, a Kaduna ɗin dai.

Saura haƙƙi ɗaya, na mai saye. Tambari alkawarin nagarta ne. Duk wanda ya riƙe tambari ya saki alkawarin, ya yi algus, ko da takardunsa sun cika. Allah Shi ne Masani.