Haƙƙin Mai Yi Wa Jama'a Hidima Bayan Rasuwarsa



Babu wata unguwa a birnin Sakkwato, tun daga Ƙofar Rini har Ƙofar Atiku, wadda ba ta da wani bawan Allah ko wata baiwar Allah da ke ɗauke da nauyin jama'a ba tare da albashi ba. Shi ne malamin makaranta wanda in yaro ya yi kwana uku bai zo aji ba sai ya bi sawunsa har gida, ya tarar ko ciwo ne, ko yunwa, ko an ɗora masa talla. Ita ce dattijuwar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta tashi, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Ran da irin wannan mutum ya cika, sai mu taru kwana uku, mu ce mutumin kirki ne, mu shafa fatiha, mu watse. Tambayarmu ta wannan mako ita ce: shin da wannan mun sauke haƙƙinsa?

Waɗansu suna cewa ai don Allah ya yi, ladansa yana wurin Allah, saboda haka yawan ambatonsa ba shi da amfani, watakila ma ya jawo riya. Wannan magana tana da kamar gaskiya, amma in an auna ta sai a ga ba ta zauna ba. Riya ciwo ne da ke kama zuciyar mai aiki sa'ad da yake aikin, in ya nufi idon mutane. Wanda ya riga ya kwanta dama kuwa, an rufe littafinsa, yabonmu ba ya iya komawa baya ya ɓata masa niyya. Shi ya kamata ya ɓoye aikinsa yana raye, ya kuwa ɓoye. Mu da muka ci moriyar aikin, namu shi ne mu sani, mu gode.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wata mata da ke share masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta rasu, aka yi mata sutura ba a sanar da shi ba, kamar dai an ɗauki al'amarinta ƙarami. Da ya ga bai gan ta ba sai ya tambaya, aka gaya masa. Ya nuna bai ji daɗin rashin sanar da shi ba, ya sa aka kai shi kabarinta, ya yi mata salla. Abin lura a nan shi ne ya lura da rashinta. Ma'aunin jama'a ya sa ta a ƙasa, shi kuwa ya gyara musu ma'aunin.

A nan Sakkwato ma muna da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta yi waƙoƙin alhini ga manya, har da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Amma ba ta tsaya ga manya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, ta yi wa Zaharatu, wadda aka sani da taimakon mata wajen haihuwa da yi wa mamata sutura. Waɗannan mata ba su riƙe sarauta ba, ba su ja rundunar yaƙi ba. Ba don alƙalamin Nana ba, da sunansu ya bi ƙasa tare da su. In an duba waɗannan waƙoƙi, waɗanda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997, za a ga halayen matan da ayyukansu ne aka jera ɗaya bayan ɗaya. Watau waƙar alhinin ta zama darasi: duk wadda ta ji ta, ta san abin da aka rasa, ta kuma san abin da za ta ɗauka.

Haka nan Nana ba ta yarda alheri ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Bayan rasuwar Bello a 1837 ta tsara 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su koyi karatu ta hanyar waƙa, su koma su koyar da matan da ke cikin gidajen aure, su kuma duba marasa lafiya da gajiyayyu. Da Nana ta rasu aikin bai mutu ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi. Wannan ita ce tunawa ta gaskiya, domin an gaji aikin, ba a tsaya ga kuka ba.

To, a nan ne maganar ta zo kanmu. Malaman fiƙihu sun koya mana cewa wankan gawa, da ceton wanda ke cikin halaka, da kula da maraya marar mai riƙo, duk farilla ce ta kifaya. In waɗansu sun yi, ta faɗi daga kan saura. In ba wanda ya yi, duk wanda ya sani kuma yana da iko ya yi laifi. Mun riƙe rabin farko na wannan hukunci, mun manta da na biyun. Shekara da shekaru malamin nan da dattijuwar nan suna sauke mana farillar da ke kanmu duka, muna barci cikin inuwarsu. Ran da aka binne su kuwa, farillar ba ta shiga kabari tare da su ba. Ta dawo wuyan kowane baligi mai iko a unguwar, tun kafin a tashi daga zaman makoki. Yaron da ya daina zuwa makaranta a makon nan, ba a kuwa bi sawunsa ba, mu za a tambaya.

Kada kuma mu ce ai aikin Gwamnati ne. Gaskiya ne tun shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 an gina azuzuwa da yawa, kuma lalle hukuma tana da nata haƙƙin da za a tambaye ta. Amma takardar ofis ba ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Maƙwabci ne ke sani.

Saboda haka ga shawara. In mai hidima ya rasu, bayan addu'a, sai dattawan unguwa su zauna da iyalinsa su lissafa abin da yake yi: marayu nawa yake biya wa kuɗin littafi, wane majinyaci yake rakawa asibiti, waɗanne gidaje yake sasantawa. Sa'an nan a raba, kowa ya ɗauki gwargwadon ƙarfinsa, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kuma duba nasa iyalin, domin sau da yawa wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a kan 'ya'yan mutane bai bar wa nasa kome ba, kuma abin kunya ne marayunsa su rasa abin da ya yi ta bai wa na wasu. Waɗanda ke raye kuwa, a kama musu tun yanzu, a sa matasa su bi su su koyi aikin, kamar yadda 'yan mata ke bin jaji.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka yi mana hidima, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba. Ya sa aikinsu ya zama sadaka mai gudana, Ya ba mu ikon ɗaukar abin da suka ajiye. Amin.